Wa Zai Yi Jinyar Maza Idan Mun Hana Ƴaƴanmu Maza Koyon Jinya?

Duk shekara idan jarrabawar BEPC ta ƙarato, nakan ajiye alli na sa'a guda in tambayi ƴan ajina abin da kowa yake son zama. Amsoshin samari ba su cika canzawa ba: soja, jandarma, ɗan duwan, injiniya, ɗan kasuwa, sai ɗaya ko biyu su ce babban likita. Shekarun baya, wani yaro mai natsuwa da ke zama a layin baya ya miƙe ya ce, "Mushe, ni anfirmiye nake son zama." Kafin ya rufe baki aji ya kece da dariya. Wani daga gefe ya ce, "To sai a saya maka ɗankwali." Har ƴan matan sun taya dariyar, su da ake cewa aikin nasu ne. Yaron ya zauna, bai ƙara cewa uffan ba har aka tashi.

Na tsawata musu suka yi shiru, amma ban tsaya na gaya wa yaron cewa zaɓinsa mai kyau ne ba. Na wuce zuwa ga na kusa da shi kamar ba a yi komai ba. Wannan shirun nawa yana damuna har yau.

Bayan kwana biyu mahaifinsa ya tare ni a ƙofar lakwal. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, yaron nan ya zo mini da wata magana, wai aikin jinya. Ni ban haifi ɗa namiji don ya riƙa kwashe fitsarin mutane ba. Don Allah ka yi masa faɗa, ya fi jin maganarka." Na ce masa to, za mu duba. Gaskiya a ranar ba ni da amsar da zan ba shi.

Amsar ta same ni bayan wasu watanni, da tsakar dare, a wani asibiti. Baffana, ƙanen mahaifina, dattijo da ya haura saba'in, fitsari ya tsaya masa tun la'asar. Mararsa ta kumbura, yana ta zufa yana juyi. Masu aikin kwana a daren ƴan mata biyu ne, kuma na shaida sun san aikinsu: nan take suka gane matsalar, suka ce sai an sa masa robar fitsari. Da Baffa ya fahimci yadda ake sa ta, sai ya riƙe zariyar wandonsa ya dube ni ya ce, "Ɗana, gara ka mai da ni gida. Yarinyar da na yi jika da ita ba za ta buɗe ni ba." Ɗaya daga cikinsu ta durƙusa kusa da shi tana rarrashi, "Baba, ka yi haƙuri, aikinmu ne, kullum muna yi." Ya kau da kai. Haka muka kwana, yana nishi muna kallo, sai da asuba aka samu wani ma'aikacin jinya namiji ta waya ya zo. Aikin bai ɗauke shi minti goma ba. Baffa ya yi ajiyar zuciya, ya kama hannun saurayin nan yana sa masa albarka har da hawaye.

Ƴan matan ba su yi laifi ba. Dattijon ma ba zan ga laifinsa ba, don da kunyar aka raine shi. Laifin na ganinsa a wajenmu, mu iyaye da malamai da muke korar yara maza daga wannan aiki da dariya da gori, sannan ranar da ciwo ya kama ubanmu mu riƙa kiran waya muna neman namijin da zai taɓa shi.

Daga ina muka samo cewa jinya aikin mata ne?

In muka duba gidanmu, za mu ga wannan ra'ayi baƙo ne. Wanzami namiji ne, shi ke kaciya, shi ke ƙaho, shi ake kira ranar suna. Maɗori namiji ne, shi ke zama da wanda ya karye yana shafa, yana ɗauri, yana dawowa dubawa har ƙashi ya haɗe. Idan namiji ya rasu, maza ne ke yi masa wanka, kuma ba kowa ake ba wannan aiki ba sai mutumin kirki mai riƙon amana. Ba mu taɓa jin an yi wa mai wankan gawa gori ba. To yaya wanke jikin mutum bayan ya mutu ya zama daraja, wanke shi yana da rai yana buƙata ya zama abin kunya?

Ko aikin asibitin zamani, da maza ya fara a ƙasarmu. Ku tambayi dattawan da ke da lamba a damtse wa ya yi musu ita. Maza ne da ke yawo ƙauye-ƙauye tun zamanin Turawa suna allurar rigakafin agana da sauran cututtuka. A garuruwa da yawa, mutumin da aka sani da majo, shugaban gidan likita, ma'aikacin jinya ne, kuma a wurin taro kujerarsa tana kusa da ta mai gari da liman da shugaban makaranta. Babbar makarantar gwamnati da ke horar da ma'aikatan lafiya a Yamai sunan namiji take ɗauke da shi, Damouré Zika, ɗan masunta na bakin kogin Isa wanda ya rasu a 2009. Duniya ta san shi a finafinan Jean Rouch, amma mutanen Yamai sun san shi da jinya da magani. Yaron da ya ce yana son wannan aiki, sawun kakanninsa ya bi.

Hoton ma'aikaciyar jinya mace mai farar riga da farar hula daga Turai ya zo mana. Florence Nightingale, Baturiyar Ingila da ta yi suna wajen jinyar sojoji a yaƙin Kirimiya, ta buɗe makarantarta a asibitin St Thomas na Landan a 1860, kuma mata aka riƙa ɗauka. Ta ɗaga darajar aikin ƙwarai, shi ya sa ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, ta zama ranar ma'aikatan jinya ta duniya. Sai dai tsarin da ya biyo bayanta ya ture maza gefe na tsawon lokaci, har babbar ƙungiyar ma'aikatan jinya ta Ingila ba ta fara karɓar maza a matsayin membobi ba sai 1960, shekarar da Nijar ta samu ƴancin kai. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ya nuna ma'aikatan jinya a duniya sun kusa miliyan 28, kuma tara cikin goma mata ne. A Afirka rabon bai kai haka ba, kusan mata uku ne ga namiji ɗaya. Wannan rahoto ya ce duniya na da giɓin ma'aikatan jinya kusan miliyan 6, kuma mafi yawan giɓin yana ƙasashe marasa ƙarfi irin tamu. Turawan da suka ƙirƙiro bambancin yanzu suna ta fafutukar jawo maza cikin aikin, mu kuma da muka gaji abin da ya fi nasu muna neman yar da shi.

Aikin da yaron nan ya nema

Mahaifin ɗalibina ya taƙaita aikin jinya a kwashe fitsari. Da yawa daga cikinmu haka muke kallonsa, saboda ba mu san abin da ke cikinsa ba.

Sama da kashi 80 cikin 100 na ƴan Nijar a karkara suke zaune. Ga mafi yawansu, babban likita sai an je asibitin gunduma ko na jiha. Wanda suke samu a kusa, a ɗakin shan magani ko a cibiyar lafiya da muke kira CSI, ma'aikacin jinya ne ko mataimakinsa. Shi ke duba majiyaci, ya yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, ya rubuta magani, ya sa ƙarin ruwa, ya ɗinke rauni. Shi ke auna damtsen yaro ya gane tamowa ta kama shi. Shi ke lura da firjin alluran rigakafi kada su lalace, ya hau babur ya kai su ƙauyukan da ke nesa. Shi ke yanke shawara da ƙarfe biyun dare ko wannan mace mai naƙuda za ta iya haihuwa a nan ko a nemi mota a tura ta gaba, kuma rai biyu ne ke rataye a kan shawarar. Idan amai da gudawa ko sanƙarau ko ƙyanda suka ɓulla, rahotonsa ne ke fara sanar da hukuma. Waɗanda suka ga annobar sanƙarau ta 2015 a Yamai, ko kwalarar da ta addabi yankin Madarunfa a 2018, sun san su waye suka kwana a tsaye.

Aiki ne da ke son ƙwaƙwalwa, don kuskuren lissafin magani a jikin jariri mai kilo uku kisa ne. Yana son ƙarfin zuciya, don ba kowa ke iya kallon wanda mota ta taka hannunsa bai yi rawa ba. Yana son haƙuri da tausayi da riƙon sirri. A cikin waɗannan halaye, wanne ne ba ma so ɗanmu namiji ya kasance da shi?

Kuma i, akwai fitsari da kashi da amai da gyambo a ciki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma duk wanda ya taɓa kwanciya ciwo har ya kasa tashi ya san cewa a duniya babu mai daraja a idonsa kamar wanda ya gyara shi ba tare da ya yamutsa fuska ba.

Abin da muke asara

Shekara da shekaru muna roƙon iyaye su bar ƴaƴa mata su yi karatu, kuma hujjar da ta fi shiga zuciyar iyaye ita ce: in ba ku bari sun yi karatu ba, wa zai karɓi haihuwar matanku? Hujja ce ta gaskiya, kuma har gobe muna kanta. To ita ce dai hujjar a wannan ɓangaren. Maza ma suna da al'aura, suna da kunya, suna da cututtukan da ba sa iya faɗa wa mace: gwaiwa, ƙaba, basir, tsargiya, ciwon sanyi, tsayawar fitsari irin ta tsufa, raunin mazakuta da ciwon suga ke kawowa. Magidanci yakan je asibiti da irin wannan ciwo, ya tarar da mace a kan tebur, ya ce kansa ne ke ciwo, a ba shi farasitamol ya koma gida. Daga nan sai wajen mai tallar magani a kasuwa, sai ciwo ya ci ƙarfinsa a kawo shi ranga-ranga. Wani zai ce ai sai mazan su cire kunya. To, mu yi ta wa'azin haka, amma kafin kunyar ta fita mutane na mutuwa.

Na biyu, maganar ƙauye. Kowa ya san yadda ma'aikatan lafiya suka taru a manyan birane, alhali cibiyoyin karkara na fama da mutum ɗaya ko biyu. Daga cikin dalilan akwai yadda muka tsara aure: matar aure tana bin mijinta inda yake aiki, kuma iyaye kaɗan ne za su yarda budurwa ta tafi ƙauyen da ke da nisan kilomita 80 daga kwalta ta zauna ita kaɗai. Wannan ba laifin matan ba ne, mu muka ɗora musu sharuɗɗan. Akwai mata jarumai da ke riƙe da cibiyoyin karkara, kuma sun cancanci jinjina. Amma muddin muna hana mace zuwa nesa, muna kuma hana namiji koyon aikin, to mutanen ƙauye muka yanke wa hukunci.

Na uku, a gidajenmu da yawa namiji ke ba da izinin zuwa awon ciki, shi ke ba da kuɗin mota, shi ke cewa a yi wa yaro allura ko kada a yi. Shirin makarantar mazaje da aka fara a jihar Damagaram a ƙarshen shekarun 2000 an gina shi ne a kan wannan fahimta: idan maza suka zauna da maza suka tattauna lafiyar iyali, magana tana shiga. Ma'aikacin jinya namiji yana sallah a sahu ɗaya da magidanta, yana zama a majalisarsu, yana shan shayi a fadar samari. Kalma ɗaya da zai faɗa a can game da haɗarin barin mace ta kwana biyu tana naƙuda a gida tana iya ceton matar da ba ta taɓa ganinsa ba.

Gargaɗi ga masu goyon bayana

Akwai masu jin wannan magana su ce, "Gaskiya ne, a kawo maza, mata ba sa aiki, kullum suna hutun haihuwa." Ban tare da su. Mata ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin asibitocinmu, da goyo a baya da girki na jiransu a gida. Neman maza su shigo neman ƙarin hannu ne, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kuma wani nau'in raini da ya fi ɓoyuwa. Wasu samari suna shiga makarantar lafiya da niyyar zama majo kawai: a ba su ofis da hatimi da babur, a riƙa kiransu dokta, su rubuta takarda su miƙa. Juya majiyaci, wanke gyambo, canza zanen gado, wannan sai su bar wa abokan aikinsu mata ko dangin mara lafiya. Wanda ya yi haka bai rabu da ra'ayin mahaifin ɗalibina ba, farar riga kawai ya sa masa. Idan mace ta fi ƙwarewa, ita ta cancanci shugabancin cibiya, kuma namijin da ke ƙarƙashinta ya yi mata biyayyar aiki. Namijin da muke nema shi ne wanda zai durƙusa gaban tsoho ya wanke masa ƙafa mai ruɓa saboda ciwon suga, ya tashi bai ji an rage masa komai ba.

Irin wannan namiji kuwa a gida ake yin sa. Ku leƙa ɗakin maza a kowane asibiti ku ga su waye ke zaune a tabarma kusa da gadaje. Mata ne: matar majiyaci, ƴarsa, ƙanwarsa, wani lokaci tsohuwar da ta haife shi. Ƴaƴansa maza sukan zo da yamma, su tsaya a bakin gado, su ce Allah ya sawwaƙe, su ajiye kuɗin magani su tafi. Tsohuwa mai shekara sittin ce za ta ɗaga ƙaton namijin da ɓarin jikinsa ya shanye ta kai shi bayan gida, samari majiya ƙarfi na waje suna danna waya. Yaron da ya tashi yana ganin haka, me zai hana shi dariya ranar da abokinsa ya ce yana son jinya?

Tambayoyin iyaye

Na san iyaye suna da damuwa ta gaskiya, kuma bai kamata a share ta ba.

Ta farko ita ce abinci. Namiji zai riƙe gida, shin aikin zai riƙe shi? Ba zan yi muku ƙarya ba: albashin ba mai yawa ba ne, kuma matasa da dama da suka gama makarantun lafiya suna shafe shekaru suna aikin sa kai ko na kwantaragi kafin gwamnati ta ɗauke su. Wannan matsala ce da ya kamata mu ci gaba da yi wa hukuma magana a kanta. Amma ku gaya mini fannin da babu wannan a yau. Mu malamai mun fi kowa sanin kwantaragi. Bambancin shi ne mai ilimin jinya yana da ƙofofi da yawa: asibitin gwamnati, asibitoci masu zaman kansu, ƙungiyoyin agaji, sashen lafiya na soja, kamfanoni. Yana iya ƙaro karatu ya ƙware a sa barci wajen tiyata, ko taimakon likitan fiɗa, ko lafiyar ido, ko lafiyar ƙwaƙwalwa, ko kiwon lafiyar al'umma, ko ya zama malami a makarantar lafiya. Sana'a ce da ke hannu, kuma ciwo ba ya ƙarewa a duniya.

Ta biyu: in yana da ƙoƙari, me ya sa ba zai zama babban likita ba? In yana so kuma yana da hali, Allah ya taimaka. Sai dai karatun likita shekaru ne masu yawa bayan BAC, gurabe kaɗan ne, kuma ba kowane gida ke iya ɗaukar nauyinsa ba. Bayan haka, jinya ba ragowar likitanci ba ce, ilimi ne mai zaman kansa. Likita yakan zo ya duba ya rubuta ya wuce, ma'aikacin jinya ke kwana da majiyaci, shi ke fara ganin numfashi ya canza. Kowane likitan kirki zai gaya muku bai isa ya yi aiki ba tare da su ba.

Ta uku: cuɗanya da mata. Wasu iyaye na tsoron ɗansu ya shiga aji ko wurin aiki da mata suka fi yawa. Amsata ita ce yawan maza a aikin shi ne ma zai sauƙaƙa abin da kuke so, namiji ya duba namiji, mace ta duba mace a duk inda hali ya yi. Tarbiyya kuwa, wadda kuka ba shi ita zai tafi da ita, ko asibiti ko kasuwa ko bariki. Tarihin Musulunci ma ya girmama wannan aiki: Rufaida Al-Aslamiyya ta kafa tantinta a Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni, kuma can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Aikin da aka ambaci mai yin sa da alheri tsawon ƙarni goma sha huɗu bai zama abin da namiji zai ji ƙyamarsa ba.

Ta huɗu ba a cika faɗinta a fili ba: me mutane za su ce, wa zai ba shi mata? Ku je kowane ƙauye da ke da cibiyar lafiya ku tambaya ko majo ya taɓa rasa matar aure. Masu gorin nan su ne za su buga masa ƙofa da tsakar dare ranar da ɗansu ya sanƙare.

Abin da ya rage gare mu

Ƴan'uwana malamai, mu fara da bakinmu. Sau nawa muke ba da misali a aji mu ce likita ya zo, ma'aikaciyar jinya ta bi shi da tire? Sau nawa muke ce wa yaron da ya yi kuka ko ya nuna tausayi, kai mace ne? Idan aka yi wa yaro dariya saboda burinsa, kada mu tsaya a kan "ku yi shiru" kamar yadda na yi. Mu tsayar da darasi mu tambayi masu dariyar wa ya yi musu kaciya, wa ya yi musu allura, wa suke so ya duba mahaifinsu. Mu gayyaci ma'aikacin jinya na garinmu, namiji da mace, su zo aji su ba da labarin aikinsu, ko da sau ɗaya a shekara, ranar 12 ga Mayu ta dace da haka. Mu lura da yaran da ke son darasin kimiyyar rayuwa, da waɗanda ke fara rugawa idan wani ya faɗi a filin wasa, mu gaya musu akwai hanya. Mu kuma san hanyar da kanmu: mai BEPC yana iya shiga horon ma'aikacin lafiya na matakin farko, mai BAC yana iya yin digirin jinya na shekara uku. Akwai makarantun gwamnati a Yamai da Damagaram, akwai masu zaman kansu a manyan garuruwa.

Iyaye kuma, kafin ku zuba kuɗinku a makaranta mai zaman kanta, ku bincika ko hukuma ta amince da ita, ko ɗalibanta na zana jarrabawar ƙasa, kuma a wane asibiti suke koyon aiki a aikace. Takarda ba tare da hannu ya saba ba haɗari ce ga jama'a. Sannan ku fara tun daga tsakar gida, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan kaka ya kwanta, a ce wa jikansa namiji ya kai masa ruwa, ya taimaka masa ya yi alwala, ya wanke masa tufafi. Idan ƙane ya yi zazzaɓi, a bar yayansa namiji ya jiƙa tsumma ya shafa masa. Uba ya bari ƴaƴansa su gan shi yana jinyar mahaifinsa da hannunsa. Ko yaron bai zama ma'aikacin jinya ba, kun yi wa kanku tanadi, domin ranar da ƙarfi zai ƙare tana zuwa ga duk wanda ya yi tsawon rai, kuma ba kowa Allah ya ba ƴa mace ba.

Bayan Baffa ya samu sauƙi, na je har gida na sami mahaifin ɗalibin nan. Ban yi masa dogon bayani ba, labarin daren nan kawai na ba shi. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "Malam, ni ma fitsarin nan ya fara yi mini gardama." Muka yi dariya, irin dariyar da ba ta kai ciki ba. Bai ce ya yarda ba a ranar, bai kuma ƙara cewa in yi wa yaron faɗa ba. Da sakamakon jarrabawa ya fito, shi da kansa ya zo yana tambayata takardun da ake buƙata.

A bana ma zan ajiye alli in yi wa ƴan ajina tambayar. In wani yaro ya miƙe ya ce jinya yake so, na san abin da zan ce masa tun kafin dariya ta tashi. Ina roƙon kowane malami da kowane uba ya tanadi tasa amsar. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu, maza da mata, da alheri.